Neman Kabarin Abu Nuhu

A da, in mutum ya rasu a ƙasar waje, da ƙafa labarin rasuwarsa yake komawa gida. Sai wani da ya san shi ya tashi tafiya, ya riƙe saƙon a ka, ya isa bayan wata shida ko shekara, in bai manta ba, in kuma shi ma bai rasu a hanya ba. Yau kuwa kafin a gama yi wa mamaci wanka a Doha, hotonsa ya zaga wayoyin Kano da Kumasi. Tsakanin wancan zamani da wannan akwai bayin Allah da yawa da aka binne ba tare da labarinsu ya kai gida ba. Neman kaburburansu shi ne sana'ata.

A nan Doha Baba Tafinta ake ce mini, don da tafinta na fara. Na zauna a Chadi, na daɗe a Sudan, na yi Jidda, na taɓa Kumasi, kuma kowane gari ya bar mini harshensa, wani cikakke wani rabi. Ran Juma'a bayan an sauko, mukan zauna shan shayi kusa da Mushairib, ni da samarinmu injiniyoyi da direbobi. Su ne suka sa na ɗauki alƙalami, saboda wani cikinsu ya ce mini, "Baba, ai aikin nan naka na minti biyar ne. A buga suna a waya, lamba ta fito, khalas, shi ke nan."

Na ce, "Wane sunan za ka buga?"

Ya ce, "Sunan mamacin mana."

Bahaushe ɗaya yana yawo da suna uku: na yanka, da wanda ake kiransa da shi a gida, da wanda yake a takarda. 'Ya'yansa sun san na biyu, matarsa ta san na farko amma ba za ta faɗa ba, littafin maƙabarta kuma na uku kaɗai ya sani. To bari in ba ku labarin aiki guda, ku auna minti biyar ɗin da kanku.

Nuhu mutumin zangon Kumasi ne, yana tuƙa motar ma'aikatan wani otal a Lusail. Ya zo mini da hoto ɗaya a cikin leda. Mahaifinsa, Idrisu, kafinta ne, ya taho Doha tun Nuhu bai shiga makaranta ba, lokacin da Lusail ɗin nan fili ne da yashi. Ya aiko wasiƙa ɗaya, daga nan shiru. Bayan shekara biyu wani ya dawo daga Hajji ya ce ya hango shi a Jidda da wata mata. Shi ke nan, zango ya yanke hukunci: Idrisu ya gudu ya bar iyali. Matarsa, wadda kowa ke kira Mma Adiza, ta raini yara da sayar da koko da ƙosai, ta kuma hana a ambace shi a gidanta.

Abin da ya kawo Nuhu shi ne matarsa tana gab da haihuwar ɗansu na fari, likita ya ce namiji ne, shi kuma yana son ya sa wa yaron sunan mahaifinsa.

Ya ce, "Baba, na faɗa wa Mma, ta ce in dai tana numfashi, ba a raɗa wa jikanta sunan wanda ya gudu. Ni kuwa raina bai yarda ya gudu ba. In ya rasu ne, ina so in sani kafin ran suna."

Na ce, "In kuma na same shi a Jidda da 'ya'ya goma sha biyu fa?"

Ya yi dariya, ya ce, "To sai in sa wa yaron sunanka."

Ban buɗe littafin kowa ba a ranar. Haka Malam Jibo ya koya mini. Shi ne maigidana a wannan aiki, a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi a Sudan, inda jikokin mahajjatan ƙasa suke zaune. Na je wurinsa ina da gemu da iyali, amma shekara guda cur bai bar ni na nuna wa kowa kabari ba. Aikina in zauna in saurara. In baƙo ya zo neman kakansa, Malam Jibo sai ya sa a kawo shayi, ya yi ta jan sa da hira: da wa ya tafi, wace sana'a yake yi, yana da tabo, wane wata aka yi masa rakiya, damina ce ko rani. Sai baƙon ya gaji sannan ya miƙe. Wata rana na tambaye shi me ya sa ba ma zuwa maƙabarta kai tsaye. Ya ce in je in tambayi waɗanda ke ciki, in sun amsa mini in dawo in koya masa.

Saboda haka na zaunar da Nuhu na kwashe abin da ya sani. Idrisu ya rasa rabin ɗan yatsan hagu a bakin zarto. Yana cin goro. Ya tafi bayan ƙaramar Sallah. Hoton kuwa na ranar aurensa ne, yana tsaye da ƙanensa Haruna, su biyu kamar an tsaga kara. Na duba hoton na mayar cikin ledar, ban ɗauke shi komai ba. Wannan sakacina ne, kuma ya ci mana sati biyu.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai littafi mai bango mai ƙarfi, da fensir, don biro yana tsiyaya a zafin nan. Akwai jadawalin da ke haɗa watannin Musulunci da na Turawa, saboda iyali suna ba ka lokaci da Sallah da azumi, takarda kuma tana ba ka da wani lissafin. Akwai igiya doguwa mai ƙulli a kowane taku, da gorar ruwa biyu, ɗaya ta sha ɗaya ta dutse, da laima. Sai goro, wanda ya fi duk sauran buɗe ƙofa in tsoho za ka tambaya.

Maƙabartu kuma kowace ƙasa da halinta. A garinmu, itace ko fasasshiyar tukunya ake ajiyewa, bayan damina uku sai mai gadi kaɗai ya san waye a ina. A Kumasi na ga allo mai suna da fenti. A Chadi na ga littafi da Faransanci wanda gara ta cinye tsakiyarsa ta bar gefe. A Jidda kuwa ba a son ma ka cika tambaya. Nan Doha tsari yana da kyau: dutse a kai, dutse a ƙafa, da lamba, kuma lambar tana cikin littafi. Sai dai a tsohon ɓangare, inda da fenti aka rubuta lambobin, rana ta lashe yawancinsu.

Na rubuta wa Nuhu takardar neman izini da Larabci, muka je ofishin da ke riƙe da littattafan. Ma'aikacin mutumin kirki ne. Ya buga Idrisu a na'ura, ya juya shi ta kowace fuska, babu. Ya ɗauko mana tsofaffin littattafan hannu na shekarar da Idrisu ya zo da ta bayanta. Na bi su layi layi, ina duba gurbin ƙasa maimakon gurbin suna, don 'yan Gana ba su da yawa a lokacin. Na kwafe duk wanda na gani a littafina, amma babu Idrisu. Muka koma, muka sake komawa. A fita ta uku Nuhu ya ce, "Baba, ko dai maganar Jiddar nan gaskiya ce?"

Na ce ya kira mini mahaifiyarsa. Ya ce ba za ta yi maganar ba. Na ce ba maganar babansa zan yi mata ba, maganar tafiya zan yi.

Muka gaisa da Mma Adiza, na tambayi kasuwa, na tambayi ƙafa. Sannan na ce, "Mma, lokacin da aka samo aikin nan na Doha, kwana nawa aka yi kafin a tashi?"

Ta ce, "Ko sati biyu ba a yi ba. Kamar ana korar sa."

Na ce, "Ya je Ankara, babban birninku na Gana, neman fasfo?"

Ta ce, "Wane Ankara? Mutumin da bai taɓa wuce tasha ba sai ranar. Malam, in tambayar ta ƙare, ƙosaina yana wuta."

A wancan zamanin ba a samun fasfo a sati biyu, ko a Gana ko a Najeriya ko a ina. Na ce wa Nuhu ya fito da hoton. Na ce, "Wannan ƙanen nasa, ya taɓa fita waje kafin babanka?"

Ya ce, "Baba Haruna? Ya yi Libiya shekara biyu."

Ku samarin yanzu ba ku san wannan ba. A da, fasfo kamar babbar riga yake a gida: in wa ya samu tafiya, ƙane yana da shi, kuma sun yi kama, sai a ara. Ba a ɗauke shi laifi ba, ba a kuma faɗa wa mata. Na buɗe littafina, na bi sunayen da na kwafo. Ga shi nan, na huɗu: Haruna, ɗan Gana, kafinta, an binne shi wata huɗu bayan ƙaramar Sallar da Idrisu ya bar gida.

Muka kira Baba Haruna, muka same shi a bakin shagonsa yana cin abinci. Nuhu ya ce, "Baba, da fasfon wa babana ya tafi?"

Ya ce, "Da nawa mana."

"Shekara da shekaru ba ka faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Ni ma fushi nake da shi, ya tafi da fasfona bai dawo mini da shi ba."

Na karɓi wayar na gaya masa abin da ke cikin littafin. Ya yi salati, ya yi ta maimaita sunan wansa. Can kuma ya ce, "Malam, tsaya. Wato duk shekarun nan ni ne a kwance a Doha ban sani ba?"

Washegari matar Nuhu ta haihu. Saura kwana bakwai suna. Ya zo mini da sassafe yana cewa, "Yalla Baba, maza mu kira Mma mu faɗa mata an samu." Na ce a'a. Haruna ba ɗaya ba ne a Gana, kafinta ma ba ɗaya ba ne. Suna a littafi rabin aiki ne. Ya ɓata rai, ya ce ina ja masa rai. Sai na ba shi labarin mummunar shekarata, kamar yadda zan ba ku.

A shekarar, wani likita ɗan Katsina ya zo neman kabarin wansa. Na samu lamba, na je tsohon ɓangare, fenti ya goge. Ina da tsohon lissafi a littafina cewa sahun farko yana farawa daga ƙofa, sai na ƙirga daga ƙofa na nuna masa. Ashe an sake katanga, an matsar da ƙofar gaba da sahu biyu. Likita ya yi kusan shekara yana zuwa duk Juma'a yana addu'a a kan wani bawan Allah ɗan Indiya. Ranar da 'ya'yan Ba'indiyen suka zo suka same shi yana share kabarin ubansu, ranar asirina ya tonu. Na sake aikin daga farko, na je har asibiti na ba shi haƙuri. Shi kam dariya ya yi, ya ce, "Baba, ba komai, rabon mutumin ne ya tsaga." Amma labari ya bazu. Iyalai biyu da na yi wa aiki a wannan ɓangaren suka dawo, na duba, ɗaya daidai, ɗaya kuskure. Sauran shekarar ba wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, kuma a wurin shayi sunana ya koma Baba Wajen-Nan-Ne. Tun daga lokacin na kafa wa kaina doka biyu. Ba na ƙirgawa daga ƙofa ko katanga ko itace, don duk suna tashi. Ba na kuma cewa na samu sai na samu mai rai da ya ga gawar.

Neman mai ran ya ci kwana huɗu. A littafin akwai sunan wanda ya sa hannu ya karɓi gawa, wani Usman ɗan Sudan. Na bi ta masu wankan gawa, suka tura ni wurin wani mai gasa burodi, shi ya tura ni Umm Salal. A can ni da Nuhu muka samu Usman a wata gona, tsoho tukuf, yana kula da dabino. Da na yi sallama da Larabci ya dube ni ya amsa da Hausa, irin tsohuwar Hausar jikokin mahajjata. Na ba shi goro, ya riƙe shi kamar ƙwai.

Na ce, "Ka tuna wani Haruna ɗan Gana, kafinta?"

Ya ce bai san shi ba. Nuhu ya dube ni, fuskarsa ta faɗi. Na ce, "Mai rabin yatsa a hagu."

Tsoho ya buga cinya. "Abu Nuhu! Ka ce Abu Nuhu mana! Wa ke kiransa Haruna? Ko shi kansa in an kira Haruna sai an taɓa shi yake juyowa."

A ƙasar Larabawa da sunan ɗan fari ake kiran mutum. Ranar da ya fara aiki suka tambaye shi sunan ɗansa, ya faɗa, shi ke nan ya bi shi. Usman ya ce zazzaɓi ne ya kama shi, kwana uku, ya cika a asibiti. Su suka yi masa salla. An rubuta takarda zuwa adireshin da ke cikin fasfo, suka ɗauka ta isa. Adireshin kuwa na wani ɗaki ne a Ankara da Haruna ya bari tun kafin ya tafi Libiya.

Sai tsohon ya dubi Nuhu da kyau, ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Shi ne Nuhun."

Ya ce, "La ilaha illallahu. Ai ce mana ya yi kai ɗan mitsitsi ne, kana cin ƙasa."

Saura kabarin kansa. Washegari muka je tun hantsi bai yi ba, don a lokacin rana tana kwance, inuwa tana fito da tudun kowane kabari ko da ya baje. Na nemi kabari biyu a sahun waɗanda iyalansu suka sa wa bulo mai lamba da ba ta gogewa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na ɗaura igiya tsakaninsu. Na ƙirga daga dama, yadda masu littafin suke ƙirgawa, na sa tsakuwa. Na koma na ƙirga daga hagu a juye, na sake faɗowa kan tsakuwar. Sannan na zuba ruwa a kan dutsen kai. Busasshen dutse ba ya nuna komai, amma in ya jiƙe, ragowar fenti takan taso na ɗan lokaci kafin rana ta shanye. Lamba biyun ƙarshe suka fito, kuma su ne na littafi. Usman, da muka ɗauko shi a mota, ya ce shi dai ya tuna rana tana dukan kafaɗarsa ta wannan gefen. Na ce wa Nuhu, "Ga babanka." Muka yi addu'a, muka fito waje, don ba na son waya a cikin maƙabarta.

A bakin katanga ya kira Mma Adiza, ya miƙo mini. Na faɗa mata komai a jere, ban ƙara ba ban rage ba.

Ta ce, "Wata huɗu ka ce?"

Na ce, "Wata huɗu, Mma."

"Ita matar Jiddar fa?"

"Babu ta. Bai taɓa taka Jidda ba."

Sai ta ce, "Wanda ya kawo labarin nan ya ci sa'a ya rasu." Sannan ta ce in maimaita sunan da ake kiransa da shi a can. Na maimaita. Ta ce, "Mutumin da a gida ko sau ɗaya bai taɓa kama sunan yaron nan ba, don kunya. Ashe can da shi yake amsawa." Ta ja numfashi, ta ce, "Ba ni Nuhu." Ina tsaye ina jin muryarta ta cikin wayar. Ba ta ambaci sunan ba, don har yau mijinta ne. Cewa ta yi, "Jibi a sa wa yaron sunan mai gidan nan. Kuma ka ce wa Haruna kada ya kuskura ya zo mini hannu sake, rago biyu zai kawo."

An yi suna, Nuhu yana kallo ta waya daga ɗakinsa a Lusail, ni ina gefensa. Liman ya raɗa Idrisu. Kafin azahar kakar ta mayar da shi Baba, kuma Baba kowa ke kiransa har yau. Shi kuwa Baba Haruna ya sha tsiya a wurin taron, duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Sannu da dawowa, ya mutanen can?" Takardar gyara suna a littafin maƙabarta tana nan tana bin ofisoshi a hankali, kuma duk wata sai ya kira ni ya ji ko an tashe shi.

Aikin ya ɗauki sati biyar da kwana biyu. Da na ba samarin wurin shayi labarin, mai maganar minti biyar ya ce ai yanzu irin wannan ba za ta sake faruwa ba. Gaskiyarsa. Aron fasfo ya ƙare, don yatsa da ido ake dubawa a filin jirgi, kowa da sunansa yake shigowa kuma da shi ake binne shi. A gidan Mma Adiza ma an daina cewa Idrisu ya gudu. Cewa ake yi ya rasu a Doha wata huɗu da zuwansa, kuma an san inda yake kwance.